Idon Sawun Inna

Ban iya kewaye-kewaye ba tun ina yarinya, kuma ba a tsufa zan koya ba. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ƙaramin abu ne. Jikata ce ta zame a bakin famfo ta gurɗe ƙafa. Kafin in lalubo takalmina an sa ta a mota, an kai ta asibiti, an ɗauki hoton ƙashin, an dawo da ita da farin bandeji da ledar magani. Ita ce 'yar fari a wurin uwarta. Amma uwar nan, 'yata ta cikina, ta rungume ta a gaban kowa tana kiran sunanta ba ƙaƙƙautawa, ita kuma yarinyar tana ta kuka tana cewa ankul ɗinta, ankul ɗinta. Na ce mata wurin yana da suna da Hausa. Ta share hawaye ta ce, "Mene ne sunan, Kaka?" Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji babban yatsana na hagu yana motsi shi kaɗai. Na fasa. Suka ɗauka mantuwar tsufa ce. Ba mantuwa ba ce.

A ƙauyenmu, can tsakanin Tudun Wada da Doguwa, lokacin Turawa na haƙar kuza a Riruwai, ba a gane gida da fenti ko lamba, da sauti ake gane shi. Kana tafe a lungu ka san taɓaryar wace ce ke sauka. Ta Inna, mahaifiyata, ba ta da gaggawa kuma ba ta hutawa, sauka ɗaya bayan ɗaya kamar numfashin mai barci. Na fi sanin taɓaryarta a kan muryarta, kuma ba ƙari na yi ba. Ni ce 'yarta ta fari. 'Yan yanzu sai an yi musu bayani: a lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta kallonsa ido cikin ido in da mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya, kakata ta wajen uba, a gida ɗaya, tsakar gida ɗaya, amma ɗakin Inna ya zame mini kamar wani gari. In tana son in ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Randar nan ba kowa ne a gidan?" In ta zuba mini tuwo sai ta ce wa ƙanwata, "Kai wa 'yar Iya." Sunana ke nan a bakinta, 'yar Iya. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Ƙanzon da na fi so kullum yana cikin kwanona, kuma ba aljani ke sa shi ba. Amma sani daban, abin da zuciyar yarinya ke so daban.

Abu na biyu da ya kamata a sani, ni bahaguwa ce. Da aka ɗauke ni makarantar 'yan mata ta kwana a birni, don an ce kowace gunduma sai ta ba da yara kuma abin ya faɗo gidanmu, malamai sun sha dukan hannun nan da rula har na koyi riƙe alƙalami da dama. A gida kuwa hannun yana da daraja, domin a wurinmu bahago ke jan targaɗe. Wanda duk ya gurɗe, yaro ko babba, ni ake nema. A shafa man kaɗanya, in yi bismilla, in kama da hagu in ja sau uku. Sau uku, ba biyu ba. Tun ina 'yar shekara bakwai nake yi, kuma yawanci ana samun sauƙi, don yawancin targaɗe ko ba a taɓa shi ba zai warke. Wannan ban san shi ba a lokacin. Na ɗauka hannuna ne. Ga shi kuma na dawo hutu daga birni ina wajen shekara goma sha biyar, na ga hoton ƙwarangwal a bangon aji, wata Baturiya ta nuna mana ƙasusuwan da sanda tana faɗin sunayensu da Turanci muna maimaitawa. Kaina ya yi girma ƙwarai. Iya tana ce mini Malama, kuma ba don yabo ba.

Cikin marka abin ya faru, ruwa kwana da kwanaki ba ya ɗaukewa sosai. Baba ya kora jakuna da dawa zuwa Riruwai don sayar wa leburori, ba a sa ran shi sai bayan mako biyu. Shi ke shiga rumbu a gidanmu. Hatsin da ya fitar mana ya ƙare, Baffa ƙanensa yana gona tun asuba, Inna kuwa ba mai aike a kira mata namiji ba ce saboda dami ɗaya. Ta jingina tsani ta hau. Itacen ya sha ruwa ya yi santsi. Ni ina ɗakin Iya a kwance da littafi, abin da na ji kawai shi ne faɗuwar abu mai nauyi, sai kaji suka watse. Ba ihu, ba salati mai ƙarfi. Da na leƙo, damin dawa na ƙasa a warwatse, Inna kuma har ta ja jiki ta shige ɗakinta ta saki asabari.

Iya ta tsaya a bakin ƙofar, don ita ma suruka ce, ba ta faɗa wa ɗakin matar ɗanta kai tsaye. Ta ce, "Ke, lafiya? Me ya samu?"

Daga ciki Inna ta ce, "Ba komai, Iya. Ɗan targaɗe ne."

"A ina?"

"A idon ƙafa."

Haka mutanen su Inna ke cewa, idon ƙafa, ita daga wajen Kiru aka auro ta. Mu a gidanmu idon sawu muke cewa, kuma Iya ba ta taɓa barin abin ya wuce ba. Ko a ranar sai da ta ce, "Idon sawu dai. Shekara goma sha shida a gidan nan ba ki koya ba." Sannan ta juyo ta ƙwala mini kira. "Malama! Ajiye takardar nan ki zo, aikinki ya samu."

Na fito ina ƙunƙuni, don an katse ni a tsakiyar labari. Wannan ƙunƙunin ina jin kunyarsa har gobe. Na ɗauko man kaɗanya na durƙusa a bakin ƙofa. Ba a ce in shiga ba, ni ma ban yi tunanin shiga ba. Sai ƙafar ta fito ta ƙarƙashin asabari, ita kaɗai, daga ƙwauri zuwa yatsu. Ban taɓa kallon ƙafar mahaifiyata kusa haka ba. Akwai kaushi a dunduniya, akwai sauran lalle a farce. Wurin ya fara tashi, ta waje, kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata. Na shafa mai. Na ce, "Da zafi nan?" Shiru. Na matsa gaba kaɗan. "Nan fa?" Shiru.

Iya ta ce, "Yaushe ta taɓa amsa miki da za ta fara yau? Da da zafi sosai ai da mun ji. Ja kawai, hadari na tasowa, ga dawa a ƙasa."

Na yi bismilla na ja. Na farko ban ji komai ba. A na biyu na sa ƙarfi, don ina so in gama in koma. A nan ne na ji shi. Ƙarƙashin babban yatsana, ƙashin nan mai tudu ya motsa, ya yi wani ƙurus, irin wanda haƙori ke ji in ya gamu da tsakuwa a tuwo. Ba da kunne na ji ba, da yatsa na ji. Na ja targaɗe ya fi a ƙirga, ban taɓa jin wannan ba. Yatsun ƙafar suka ƙanƙame gaba ɗaya, suka buɗe. Daga bayan asabari ko tari babu.

Na ɗago na dubi Iya. Ta ce, "Saura ɗaya."

Na ja na uku. Wannan shi ne abin da na yi, ba wanda ya kama hannuna. Na san wani abu ya lalace, na kuma ja, saboda sau uku ake yi, saboda Iya na tsaye, saboda wadda ke da ƙafar ba ta ce uffan ba. Iya ta yago tsumma ta ɗaure wurin tamau, ta ce gobe war haka za ta taka. Ƙafar ta koma ciki a hankali, tana jan ƙasa.

Gobe ta yi ba ta taka ba. Jibi ma haka. Abin da ya fara ba ni tsoro ba kumburin ba ne, shirun gidan ne. Taɓaryar Inna ta tsaya. Ni na karɓi daka, maƙwabta suna jin saukar hannuna suna aiko tambaya ko lafiya. Inna tana fitowa da jan gindi ta zauna gaban murhu, ta lulluɓe ƙafar da gefen zane, ta tuƙa tuwo a zaune gumi na ɗiga daga haɓarta alhali garin da sanyi. In an ce yaya ƙafa, ta ce da sauƙi. Ni kuwa na kasa cin abinci. Ina zagaya ta kamar kaza, ina satar kallon zanen. Na buɗe littafin kiwon lafiyarmu na duba hoton ƙashin, ga sunansa da Turanci an ja masa layi, na iya shi sarai, har maki na ci a kansa. Littafin bai ce ga abin da za ki yi in ke kika ja karaya da hannunki ba. Sau biyu na je wurin Iya da niyyar faɗa, in ga tana jan carbi, in dawo. Ni da ake cewa bakina ba ya da murfi.

Rana ta uku da hantsi iska ta ɗaga zanen. Ƙafar ta zama kamar taɓarya. Tsumman ya nutse cikin nama, sama da shi da ƙasa da shi fata ta yi baƙi tana ƙyalli, yatsun sun yi tsaye cirko-cirko. Baffa na tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya, shi ma ya gani. Ya ajiye fartanyar.

Ya ce, "Iya, wannan ba ta zama ba ce. Jibi Laraba motar kuza za ta wuce birni. In ƙafar ba ta saɓe ba zan tare motar a bakin hanya, a kai ta asibiti."

Duk mun san abin da ke ran kowa. Akwai wani mutumin garinmu da dutse ya faɗo wa a ramin kuza, aka sa shi a motar nan da ƙafa biyu, ya dawo da ɗaya da sanda. Yau na san likitocin ceton ransa suka yi, ƙafar ta riga ta ruɓe. A lokacin abin da muka sani shi ne motar na tafiya da ƙafa ba ta dawo da ita. Mace mai 'ya'ya biyar, mai daka da surfe da ɗiban ruwa daga rafi, a ce ƙafa ɗaya. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, a hankali, wa murhu, "Targaɗe ne. Zai sauka."

A nan bakina ya dawo. Na ce, "Ba targaɗe ba ne."

Iya ta ce, "Malama ta fara."

"Ba karatu ba ne, Iya. Karaya ce. Ƙashin ya motsa a hannuna, na ji shi tun ja na biyu. Na ji, na ƙara ja."

Na faɗe shi da ƙarfi, a tsakar gida, a gaban Baffa, ina kallon Inna kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Ba ta ɗago ba. Iya ce ta taso, ta zo dab da ni har ina jin warin goron bakinta. Na ɗauka mari ne. Ta ce, "Kwana uku. Kwana uku kina cin tuwonta da wannan a cikinki?"

Na ce, "Ban ci ba."

Ta dube ni ta dube ni, sannan ta juya wa Baffa. "Ka tafi ruga ka zo da Dada. Ka tafi da wannan, don sai an tambayi wanda ya taɓa."

Dada wata tsohuwar Bafulatana ce da ke kawo mana nono. Ubanta mai ɗorin shanu ne, ba shi da ɗa namiji, sai ya koya mata, daga maruƙa ta koma kan mutane. Kwana biyar ba ta shigo gari ba, saboda rafin da ke tsakaninmu da rugarsu ya cika. Yanzu akwai gada a wurin, 'yan acaɓa na wucewa ko kallon ƙasa ba sa yi, rafin ma ya zama abin tausayi. A ranar ja ne wur, yana tafe da rassan itace, ƙararsa na hana ka jin na kusa da kai. Baffa ya naɗe wando ya ce in kama bayan rigarsa, in na saki ba ruwansa. Ruwan ya kai mini ƙirji. Yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafata, wani abu ya daki gwiwata ya wuce. Ban ji tsoron ruwan yadda ya kamata ba, hankalina na kan Laraba.

Mun sami Dada a ƙofar bukka tana kaɗa nono. Baffa ya durƙusa ya yi gaisuwa doguwa, ta gida, ta shanu, ta ruwa, ni ina tsaye ina ɗiga kamar in fashe. Da ya zo kan magana ya ce matar yayansa ce ta faɗo daga rumbu, sai ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "Wa ya taɓa?"

Na ce, "Ni ce."

"Bahaguwar Iya. To. A ina?"

"Idon sawu."

"Wanne?"

"Na ƙafar dama."

Ta yi tsaki. "Ku Haɓe ke nan. Wannan ya ce idon sawu, wancan ya ce idon ƙafa, ku yi ta musu, kuma ba wanda ya lura kowace ƙafa biyu gare ta. Na ciki ko na waje?" Ta sa na durƙusa, ta miƙo ƙafarta siririya ta ɗora a kan cinyata. "Bar suna. Nuna mini da yatsan da ya ji."

Na ɗora babban yatsana a kan tudun waje, na ɗan hau sama kaɗan. Ta ce, "Holɓunde. Mu haka muke ce masa. Ku a makaranta fa?" Na faɗa mata na Turancin. Ta gwada faɗa ta kasa, ta ce sunan ya fi ƙashin tsawo. Ba ta yi dariya ba, ni ma haka. Ta ce in nuna yadda na ja, na nuna. Ta ce sau nawa bayan na ji motsin, na ce ɗaya. Ta ce mai ƙafar ta yi ihu? Na ce a'a.

"Ko kaɗan?"

"Ni 'yar fari ce."

Ta ajiye abin kaɗin. Ta ce, "Wayyo. To shi ne." Ta shiga bukka ta fito da ɗaurin tsagaggiyar gora da ƙaramar ƙwarya ta man shanu, ta ɗora a ka. A bakin rafi Baffa ya ce ko ya goya ta. Ta ce ya goyi kansa, ta ga yadda ya tsallako kamar akuya. Ta shiga da sandarta ta riga mu fita.

A gida ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ɗaga asabarin Inna ta naɗe shi sama gaba ɗaya, haske ya shiga. Ta ce a kawo wuƙa, ta yanke tsumman Iya ta jefar waje. Ta ce, "Wa ya yi wannan ɗaurin? Jaki aka ɗaure?" Iya daga tsakar gida ta ce, "Ni ce, sai ki zo ki dake ni." Dada ta ce, "Sai na gama." Sannan ta kama babban yatsan ƙafar Inna ta danna farcen har ya yi fari, ta saki, ta zuba masa ido. Ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "In jini bai dawo nan ba, ba aikina ba ne, na motar ne. Ba zan yi muku ƙarya ba." Ina leƙe daga bakin ƙofa. Farcen ya tsaya fari. Na fara ƙirge a zuci, na bari, don ban san adadin da ake jira ba. Ta murza yatsun cikin tafin hannunta, ta ɗaga ƙafar ta ɗora a kan juyayyen akushi, ta jira, ta sake dannawa. A hankali, kamar ba ya so, ja ya biyo ƙarƙashin lallen.

Ta ce, "Da sauran rai. Ke, shigo."

Na ce, "Ni?"

"Hannun da ya ja shi zai riƙe. Haka ake yi a gidanmu. Shigo, ba ni da yini biyu."

Na shiga ɗakin mahaifiyata. Na ga jeren ƙorai, na ga gadon kara, na ji ƙamshin da na sani ban san daga ina na san shi ba. Inna tana kwance a tabarma, ta juya fuska bango, ta ja mayafi ta rufe kai. Dada ta sa ni na durƙusa na rungume ƙwaurin daga ƙasan gwiwa, ta ce ko ɗakin zai rushe kada in saki. Sannan ta yi wa mayafin magana.

"Ke 'yar nan, saurara. Kunya a wurinmu kuka aro ta, ba ki fi ni saninta ba. Nawa ɗan farin ya yi furfura ban taɓa faɗin sunansa ba. Amma ƙashi a cikin nama yake, ba na ganinsa. Da hannuna nake nema, da bakinki nake sanin na samu. Shirunki ne ya kawo mu nan. In kika ƙara yi mini shi zan ɗaure a karkace, ki tashi da ƙafar agwagwa. Kin ji?"

Mayafin bai motsa ba. Dada ta shafa man shanu, ta bi ƙwaurin da yatsu tun daga sama tana saukowa. "Nan?" Shiru. "Nan?" Shiru. Ina jin tsokar ƙafar na rawa a ƙirjina. Dada ta dube ni ta ce ƙasa-ƙasa, "Uwarki taurin kai gare ta. Yanzu na ga inda kika samo." Ta kama dunduniya da hannu ɗaya, ta ɗora ɗayan a kan tudun, ta yi bismilla, ta jingina baya da duk nauyinta. Ƙafar ta nemi ƙwacewa, na danne da ƙirji. Na sake jin ƙurus ɗin nan, wannan karon ta cikin ƙashin hannuna.

Sai Inna ta yi ƙara. Ba salati ta yi ba, ba wayyo ta ce ba. Sunana ta kira. Sunana na yanka, cikakke, da ƙarfin da aka ji shi har zaure. Hannunta ya fito daga mayafi ya damƙe wuyan hannuna na hagu, farcenta ya shiga.

Na ce, "Na'am, Inna."

Ban san na faɗa ba sai da na ji shi a ɗakin. Dada ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yawwa. Ya zauna." Ta jera gorar, ta naɗe da sawun saƙi, ta cusa yatsa ƙarƙashin ɗaurin ta nuna mini yadda ake barin wuri don kumburi. A tsakar gida ba motsi. Can sai Iya ta yi gyaran murya ta ce wa Baffa, "Kajin nan sun cika kuka yau, mutum ba ya jin komai." Baffa ya ce, "Wallahi kuwa, Iya." Hannun Inna ya saki nawa a hankali ya koma cikin mayafi.

Ranar Laraba da hantsi muka ji motar kuza tana nishi a kan hanya, ta yi oda a mararraba kamar yadda ta saba. Ina daka a lokacin. Na tsayar da taɓarya har ƙarar ta ɓace, sannan na ci gaba. Kumburin ya fara saɓewa tun daren Talata, yatsun suna motsi.

Na koma makaranta ba a kwance gorar ba. Da na dawo hutu na gaba, tun daga lungu na ji taɓaryar Inna, ba gaggawa ba hutawa. Amma tafiyarta ta canza. Taku ɗaya cikakke, ɗaya gajere, tana ɗan jan ƙafar dama. Dada ta ce da an kira ta ranar farko da ko alama ba za a gani ba. Ta faɗa a gabana, ba ta sassauta ba, kuma na gode mata. Haka Inna ta yi tafiya har ƙarshen ranta, ni kuma ko cikin taron biki ne ina gane takunta kafin in gan ta. Ba ta taɓa ce mini ke kika ja ba. Ba ta kuma taɓa maimaita abin da ta faɗa a ɗakin ba. Da na durƙusa gaishe ta a wannan dawowar, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "'Yar Iya ta rame. A zuba mata da yawa." Ban sake jan targaɗen kowa ba. An yi ta aikowa, ina cewa a je a nemi wani bahagon.

Ba na cewa wancan zamanin ya fi na yanzu. Wanda ya ce haka bai ga ƙafar nan a rana ta uku ba. Hoton ƙashi alheri ne, uwa ta rungumi 'yarta ta ce ina ke miki ciwo alheri ne, da muna da rabin wannan da Inna ba ta yi ɗingishi ba. Abin da kawai na kasa sabawa da shi shi ne arhar da suna ya yi.

Jiya na kira jikar tawa na ce ta miƙo ƙafar mai lafiya. Na ɗora yatsana a wurin, ban danna ba. Na ce mu idon sawu muke cewa, mutanen kakar uwarki idon ƙafa, Fulanin hayin rafi holɓunde, kuma biyu ne, na ciki da na waje, ki riƙa faɗin wanne. Ta ce to, idonta na kan waya. Daga kicin uwarta ta kira sunanta, tana tambayar inda aka ajiye ashana. Ta kira sau uku. Yarinyar ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na ce, "Ke, ana kiranki."

Ta ce, "Kaka, ai kullum kira take."

Ni sau ɗaya aka kira ni, kuma na amsa.